Gyaɗar da Fumfuna Ta Kama: Shin Suya Tana Kashe Dafin?

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a nan cikin garin Sakkwato. Da kaka na sayi ɓararrar gyaɗa buhu shida na aje a shagon gidanmu, tare da masara da waken da maigida ya aje na ci. Da ruwa sunka zauna na buɗe buhu biyu na ƙasa, na iske gyaɗar ta dunƙule wuri-wuri, wata ta yi kore-kore, wata in an tauna ɗaci. Uwar mijina ta ce in wanke in shanya in soya da kyau, wuta tana kashe komai. Maƙwabciyata kuma ta ce ta ji a rediyo irin wannan gyaɗa tana kawo ciwon hanta. Jarina ke nan duka. In yi aiki da ita, ko in ba dabbobi? Masarar da waken fa, su ma sun lalace? Kuma cikin gyaɗar nan nike ɗiba in yi wa yara kunu."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Na ga tambayar taki abu uku ta ƙunsa: ko wanki da shanya da suya suna gyara gyaɗar da fumfuna ta kama, ina ya kamata a kai wadda ta lalace, sai kuma halin da masara da wake suke ciki tun da ɗaki ɗaya suka zauna. Ni malamin gona ne, ɓangarena ajiyar amfani bayan girbi, don haka ta nan zan amsa miki.

Maƙwabciyarki ta ji daidai. Ita ma Inna ba daga sama ta ɗauko maganarta ba, domin wuta tana kashe tsutsa da ƙwai da yawancin ƙwayoyin cutar da ke shiga abinci, har ita kanta fumfunar wuta tana kashe ta. Abin da wuta ba ta iya wa shi ne abin da fumfunar ta riga ta zuba a cikin ƙwayar gyaɗa tun tana da rai.

Dafin da ba ya jin wuta

Fumfuna iri-iri ce, kuma ba kowacce ke da dafi ba. Wadda muke tsoro a gyaɗa da masara ita ce mai launin kore da ratsin ɗorawa, masana suna kiranta Asfajilus. A cikin ƙasar gona take zaune. In ta sami ƙwaya mai rauni ko mai laima, ga kuma zafi, sai ta yi tsiro a cikinta tana fitar da wani dafi da ake kira afulatoksin. Dafin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ba ya rugujewa sosai sai zafi ya haura digiri 230. Ruwan tuwo a digiri 100 yake tafasa. Man da kike toya ƙuli-ƙuli a ciki bai cika kai 200 ba, in ya kai ma ƙulin ya ƙone. Suya tana rage wani kaso, gaskiya ne, amma in gyaɗa ta sha dafi da yawa, ragowar ma ta fi ƙarfin abin da jiki zai ɗauka. Wanki kuwa ya fi komai muni, domin dafin yana can cikin tsokar ƙwayar kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, ga shi kin sake shayar da fumfunar. Shanya tana tsayar da yaɗuwarta, ba ta cire abin da ya riga ya shiga.

Ƙanƙantar abin ita ce take ruɗar mutane. Amurka ba ta yarda abincin mutum ya wuce kashi 20 cikin biliyan ba, Tarayyar Turai kuma kashi 4 ta yanke wa gyaɗar da za a ci kai tsaye. In an lissafa a buhu mai kilo 100, kashi 20 ɗin nan bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Kuma ba ya warwatsuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayoyi kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawansa, sai an kai injin markaɗe su gauraya da sauran. Wannan ita ce illar sana'arku, kuma ita ce sa'arku, domin abin da ya taru a ƙwayoyi kaɗan hannu yana iya tsince shi kafin markaɗe.

An gano dafin ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil ne a cikin abincinsu. A kan mutane kuma, abin da ya faru a gabashin Kenya a 2004 shi ne ake yawan ambato: mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da aka adana da danshi, 125 suka rasu. Yawancinta masararsu ce ta gida.

Amma irin wannan mutuwar farat ɗaya ba ita ce ta fi damuna a nan Sakkwato ba. Abin da ya fi yawa shi ne cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, babu ciwon ciki babu amai, hanta tana ta ɗauka. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam daji, musamman na hanta. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasar nan kuma masu shi da dama ba su sani ba, haɗarin yana ninkuwa kusan sau 30. Sai yara. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yaran Benin da Togo ya nuna waɗanda suka fi dafin a jininsu su ne suka fi tsumburewa, kuma yawansa yana tashi da zarar an fara yaye, an koma kunu. Ba shi kaɗai ke tsumburar da yaro ba, akwai yunwa da zawo da zazzaɓi. Sai dai a jihar da ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna sama da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon shekarunsu ba, ba ma buƙatar ƙarin kaya. Saboda haka kunun yaran nan, tun daga yau a daina ɗiban masa daga shagon, har sai kin yi abin da zan faɗa a ƙasa.

Ta ina laima ta shigo ƙasa mai zafi haka?

Na sha jin manoma suna cewa wannan matsalar mutanen kudu ce, mu nan hunturu yana busar da komai. Hunturu rahama ne kam, kuma gero da maiwa da muka fi ci ba su cika ɗaukar dafin kamar masara da gyaɗa ba. Amma ƙofa biyu ce a buɗe gare mu.

Ta farko tun a gona take. In ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa tana cikin makonninta na ƙarshe, ƙasa ta bushe ta yi zafi, sai shukar ta galabaita, ɓawon ya tsattsage, gara da tsutsa su huda shi, fumfuna ta shiga tun ba a cire ba. Wato fari da kansa yana kawo dafin, ba sai ruwa ya yi yawa ba. Gyaɗar roro da ta daɗe a ƙasa ta fi kowacce shiga wannan hali. Daga nan sai a tara ta tsibi da ganyenta tana gumi, ko a shanya a kan turɓaya. Akwai kuma wata ɗabi'a da nake gani wajen masu ɓara, ta yayyafa wa gyaɗa ruwa don kada ta karye a inji, wasu kuma don ta ƙara nauyi, sannan a ɗure a buhu ba a sake shanyawa ba. Mai saye ba zai gane ba, domin bayanta a bushe yake.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda nake zaton ta same ki. Kayan da aka saya da kaka, in sun kai Yuli da Agusta, sun shiga wata duniya. Iska ta cika da laima, simintin ƙasa yana tsattsafo da danshi, bango yana jiƙa, kwanon rufi yana ɗiga ko da ba a lura ba. Shi ya sa buhunan ƙasa ne suka fara. Ga shi kuma ɓararra ce, ta rasa rigar da Allah ya yi mata. Ɓararrar gyaɗa tana son danshinta ya tsaya wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, masara da wake kuma kada su wuce 13. Rumbu da ruhewar da iyayenmu suke ɗorawa a kan duwatsu, iska tana bi ta ƙarƙashi, sun fi shagunan siminti da yawa da nake shiga a cikin gari.

Buhu shidan nan

Biyun da suka dunƙule har suka yi kore, ba na ba ki shawarar su shiga bakin mutum ta kowace hanya. Na san nauyin wannan magana ga mai ƙaramin jari, ba da wasa nake faɗinta ba. Amma inda fumfuna ta kai ga haɗe ƙwayoyi wuri ɗaya, na kusa da su ma da suke da kyau a ido ba abin yarda ba ne.

Huɗun na sama ki fito da su yau, ki baje a kan tabarma ko tamfol a rana, ba a kan ƙasa ba, ki ɗaure hancinki da ƙyalle saboda ƙurar. Ki zauna da faifai ki tsince duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi ko ɗorawa, ta karye, ko ƙwaro ya huda, da ƙananan da ba su ƙosa ba. Sannan ga inda ku masu ƙuli kuka fi kowa dama: bayan kin soya kin murje jan ɓawon kin bakace, ki sake tsinta karo na biyu. A lokacin ne tabon da ɓawo ya ɓoye yake fitowa fili, sai ki ga ƙwaya ta rabe biyu cikinta ya yi ruwan ƙasa. Wannan tsinta ta biyu tana cire dafi fiye da yadda ake zato, kuma ita ce aka fi tsallakewa saboda gaggawar kai markaɗe. In kika ga tsintar wani buhu ta yi yawa har tana cika kwano bayan kwano, ki haɗa shi da biyun farko.

Kada a raina aikin hannu. A ƙasar Gini an gwada a wasu ƙauyuka, aka koya wa manoma tsinta, da shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, da zubawa a buhun algarara, da ɗorawa a kan katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna dafin da ke jinin mutanen ƙauyukan ya gaza rabin na maƙwabtansu da ba su yi ba. Babu inji, babu magani mai tsada.

Game da mai da ƙuli, ki sani cewa in an matse gyaɗa, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama. Ƙulin gyaɗa marar kyau ya fi ita kanta gyaɗar dafi, tun da an cire mai an bar shi a tattare. Man gida da ba a tace ba yana ɗaukar wani abu a cikin gurɓinsa, na kamfani da aka tace da sinadari ne yake fita kusan tas. Daga ƙuli kuma sai yajin tsire, sai labun kilishi, sai datun rama da zogale, sai aljihun ɗan makaranta. Hanyar da za ki rage asara a buhunan da suka lalace ita ce ki matse mansu daban ki sayar wa masu yin sabulu, ki faɗa musu ko na mene ne, tunkuzar kuma a haƙa rami a binne ko a ƙone. Ki wanke turmi da tukunya kafin ki koma aikin abinci.

Inda tsintar take zuwa

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a aikin nan. Mutanenmu sun iya tsinta, amma tsintar ba ta barin gari. Mai kyau a kai wa mai saye da tsada, ko a loda ta zuwa Dawanau. Marar kyau a auna ta da rahusa, mai ƙaramin jari ta saya ta yi ƙuli. A wani zama da muka yi da ƙungiyar mata a wani ƙauye, an yi tsinta mai kyau har na yaba, ina juyawa sai na ga yara sun kewaye kwanon da aka zuba munanan suna ci. Babu wadda ta hana su, domin a ganinsu ai ba a zubar da abinci. Dafin da ke cikin buhu guda ke nan aka tace aka miƙa wa mafi ƙanƙanta a gidan.

Masu cakuɗa mai kyau da marar kyau kuma, ko su sa jiƙaƙƙiya a tsakiyar buhu, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ishe su: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji laima, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni.

Dabbobi fa? Kaji da agwagi da talo-talo kada a ba su ko kaɗan, su ne suka fi saurin faɗuwa, waɗanda suka rayu kuma ƙwai ya ragu. Saniya ko akuyar da ake tatsa ita ma a'a, domin wani kaso na dafin yana fita ta nono, kuma dafa nonon ko barinsa ya yi tsami ba ya kawar da shi, sai ya dawo mana a cikin fura. Manyan shanu da tumakin da ake turkewa don nama sun fi juriya, shi ya sa a Amurka aka yarda abincin shanun yanka ya kai kashi 300 cikin biliyan, na masu nono kuma 20 kacal. Amma su da awo suke yi. Ke ba ki da abin aunawa, kuma buhun da ya yi kore yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba. Don haka masu koren nan ko ragon layya ban yarda a ba shi ba.

Masara da wake

Zama ɗaki ɗaya ba ya sa dafi ya tsallaka daga buhu zuwa buhu, amma laimar da ta jiƙa gyaɗa ta iske su su ma. Masara ce abin dubawa da farko. Ban da afulatoksin tana da nata dafin, fumonisin, daga wata fumfuna mai launin fari ko ja-ja da ke kama ta tun a gona. A zazzage buhunan, a sa hannu har tsakiya a ji ko da ɗumi ko warin damshi, a shanya, a tsince. Kafin niƙa a zuba a ruwa a kwashe duk wadda ta taso sama, a surfa da kyau, domin kaso mai yawa yana fita da dusa. Dusar irin wannan masara kuma kada ta je wurin kaji ko mai nono.

Wake bai cika tara afulatoksin ba. Nasa abokin gabar ƙwaro ne, da kuma maganin da ake zuba masa. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 ke nan, ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya, ba fumfuna ba. In waken maigida bai huje ba, a shanya shi a zuba a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ko a jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska. Ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, fumfuna ma ba ta yaɗuwa. Sharaɗin dai a zuba shi a bushe ƙarau. Gwaji mai sauƙi shi ne a sami busasshiyar kwalba, a zuba ƙwayar hatsi da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Kaka mai zuwa, in da hali ki sayi gyaɗa da ɓawonta, wadda in an girgiza tana kaɗawa, ki riƙa ɓarewa gwargwadon aikin mako. In ɓararra ce, ki sa hannu har tsakiyar buhu, ki ƙara mata shanyar kwana biyu ko uku a gida duk rantsuwar da mai ita zai yi. Buhu a kan katako, a bar tazara da bango, kuma ki tsara jarinki yadda gyaɗar ajiya za ta ƙare kafin ruwa ya zauna. Manoman da ke karanta wannan kuma, iri mai saurin nuna kamar SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru yana taimakawa wajen tsere wa farin ƙarshen damina. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: dawa ce da aka rina shuɗi aka lulluɓe da 'yan uwan fumfunar nan marasa dafi, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, su riga masu dafin kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage dafin da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, amma ba ya ɗauke wa kowa shanya da tsinta.

Duk abin da na faɗa rage haɗari ne. Ido ba ya ba da tabbaci, domin ƙwaya tana iya zama tas a gani alhali da dafi a cikinta, kuma ni daga bayani kawai ba zan iya yanke miki yawan abin da ke cikin buhunanki ba. Wannan sai gwaji, irin wanda ake yi a ɗakunan awo na hukumar NAFDAC da na jami'o'i, kuma ya fi sauƙi in ƙungiyar masu sana'a ce ta haɗa kuɗi ta kai samfur. Ɓangaren jiki kuma na likita ne. Kunun da yara suka riga suka sha kada ya hana ki barci, amma in kika ga idon wani ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko amai da ciwon ciki, ko kumburin ƙafa da ciki, a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita labarin gyaɗar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ke da maigida ku je a gwada jininku na ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da shi ya karɓi riga-kafi. Allurar tana cikin jerin riga-kafin yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko a cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta, ko da a gida aka haihu.